Tuhuma Ba Hukunci Ba Ce: Makanikan Kano da Mas'alar Sansar Hayaƙi a Motocin A-kori-kura

Duk wanda ya bi ta kasuwar Ƙofar Ruwa da hantsi, lokacin da masu kayan gyara suka gama buɗe rumfunansu, yaran gareji kuma suka fara kai-komo da ƙarafa naɗe cikin tsumma, da wuya ya rasa ganin wani mutum tsaye riƙe da ɗan ƙarfe mai zare irin na fulogi, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da jelar waya a bayansa, yana ciniki fuskarsa babu walwala.

In an bi bahasin irin wannan mutum, labarin kusan ɗaya ne. A-kori-kurarsa, wadda da ita yake ɗauko buhuna daga Dawanau, ko ya kai diloli Kwari da Wambai, ta fara shan mai fiye da ƙima, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, aka sa ta a kwamfuta, kwamfuta ta ambaci sansar iskar oksijin, bakanike ya ce a sayo wata. Sau da yawa wadda ke hannunsa ita ce ta biyu ko ta uku, alhali ciwon yana nan inda yake.

A da, sa'ad da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutane da yawa sukan liƙa takarda bisa fitilar su ci gaba da harkarsu. Amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka shelanta janye tallafin mai, farashi ya ninka har ya haura naira 1,000 a shekarar da ta biyo baya, sai ya zamana duk ɗigon da mota ta sha ba bisa ƙa'ida ba daga cefanen gida ake zaftare shi. Wannan ne ya mai da ɗan ƙarfen nan abin zance a garejoji da majalisun direbobi.

Daga kafireta zuwa ƙwaƙwalwa

Dattawan sana'a ba su manta da zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar nan da a-kori-kura ƙirar 404 da 504 ba. A wancan lokaci kunnen bakanike da hancinsa da ɗan sukudireba sun wadatar: ya saurari numfashin inji, ya dubi launin fulogi, ya murɗa kafireta kaɗan, mota ta daidaita. Ilimi ne na gaske, an kuwa gaje shi hannu da hannu, kamar sauran sana'o'in birnin nan.

Motocin da suka gaje su, irin su Hilux mai injin fetur na lita 2.7, da Tacoma da Tundra da ake shigowa da su na hannu daga Amurka ta Kwatano da Legas, ba su da kafiretar da za a murɗa. Nozul ne ke fesa mai, kuma wata ƙwaƙwalwar lantarki, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan abin da za a fesa, sau da dama a cikin kowace daƙiƙa.

Abin da ƙwaƙwalwar ke nema shi ne mizani guda: iska wajen kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur, bisa nauyi. Tun da ba ta ganin cikin inji, sai ta dogara ga wani mai ba ta labari da aka ɗaura jikin salansa, yana auna ragowar oksijin cikin hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da wannan sansa, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Daga 1996 kuma dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci wata kafa mai hanci 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka sikana a karanta lambobin laifi.

Shaidu iri biyu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar al'amarin ita ce a ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin alƙali, sansa kuwa a matsayin shaida. Alƙali ba ya halartar wurin da abu ya faru. Da abin da shaida ta faɗa yake hukunci, saboda haka in ta yi ƙarya, ko aka ruɗe ta, ko maganarta ta lalace a hanya, hukunci zai karkace ko da alƙalin adali ne.

Tsohuwar sansa, mai ƙuntataccen awo, kalma biyu kaɗai ta sani: mai ya yi yawa, ko mai ya yi kaɗan. Ita da kanta take haifar da 'yar wuta, tana lilo tsakanin kusan volt 0.1 da volt 0.9, kuma duk rewaya mai mita yana iya ganin motsinta.

Sabuwar, mai faɗin awo, wadda ta fara bayyana a motocin kasuwa a farkon shekarun 1990, ba ta tsaya ga cewa ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba, har gwargwadonsa take faɗa. A irin ta Bosch mai waya biyar, akwai ɗan ɗaki a cikinta wanda ƙwaƙwalwa ke tura oksijin ciki ko ta janye shi, don ta riƙe awon ɗakin a volt 0.45 daram, kuma yawan wutar da aikin turawar ya ci shi ne labarin. A irin ta Denso mai waya huɗu, wadda ke jikin motocin Toyota, ƙwaƙwalwa kan ɗora wajen volt 3.3 bisa waya ɗaya, da kusan volt 3 bisa ɗayar, sa'an nan ta saurari gudun wutar da ke ratsa tsakaninsu.

Gudun nan ƙanƙane ne ainun, 'yan miliam ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, ko ma ƙasa da haka. In haɗin iska da mai ya daidaita yakan tsaya kusan sifiri. In mai ya rinjaya ya bi ta wannan fuska. In iska ta rinjaya ya juya ta waccan. Sharaɗin ingancinsa kuwa zafi ne, gama sansar ba ta faɗin gaskiya sai ta kai digiri 650 zuwa 800, shi ya sa aka gina mata hita a ciki.

Inda mita da sikana suka gaza

A nan ne ruɗani ya samo asali, domin sansar Denso da tsohuwar sansa kamanninsu ɗaya, zarensu ɗaya, wayoyinsu huɗu huɗu. Rewayan da ya saba da ta dā, in ya ɗora mitarsa bisa sabuwar ya ga lamba ta ƙi motsi, sai ya yanke cewa ta mutu, alhali haka lambar take tsayawa ko sansar lafiyarta ƙalau. Har wa yau, lambar da sikana ke nunawa tafiyarta a juye take: tana hawa sama da 3.3 in mai ya yi kaɗan, ta sauka in ya yi yawa, kishiyar abin da aka sani a da.

Sikana ita ma tana da haddinta. Lamba irin P0171, ko P2195, ko P0031, ba ta ce a canja sansa ba. Ta farko cewa ta yi haɗin ya yi ƙarancin mai, ta biyu cewa ta yi rahoton sansa ya maƙale a wajen ƙarancin mai, ta uku kuwa da'irar hita take nuna wa yatsa. Kowacce tuhuma ce, kuma tsakanin tuhuma da hukunci akwai bincike. Bugu da ƙari, abin da sikana ke kawowa fassarar ƙwaƙwalwa ce, ba wutar da ke cikin waya ba, kuma tana kawo shi a makare, ta yadda yankewar wuta ta ƙiftawar ido kan wuce ba ta gani ba.

Osiloskof, wanda asalinsa ke komawa ga bututun da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙirƙiro a 1897, aikinsa shi ne ya zana wutar lantarki bisa allo, tsayi yana nuna ƙarfinta, kwance yana nuna lokaci, yana ɗaukar awo sau dubbai har miliyoyi a daƙiƙa. A yau ya ƙanƙance ya zama ɗan akwati da ake jonawa da kwamfutar cinya, daga PicoScope na Ingila mai tsada zuwa irin su Hantek na ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi. Da shi ake yi wa shaida tazkiyya, a san ko ta cancanci a karɓi maganarta.

Yadda ake binciken

Mu ƙaddara an kawo Hilux mai fetur tana shan mai, sikana ta nuna P0171, ta kuma nuna ƙwaƙwalwa tana ƙara mai da kashi ashirin da wani abu bisa ɗari, alhali a lafiyayyen inji gyaran ba ya cika wuce kashi goma ta kowace fuska. Mai sani ba ya taɓa sifana tukuna. Yakan bar inji ya huce, ya zura siraran allurai ta bayan soket ba tare da ya huda rigar waya ba, ya rataya matsefin awon amfiya bisa wayar hita, sa'an nan ya ce wa yaronsa ya tayar.

Da hita ake farawa, gama duk abin da sansa mai sanyi ta faɗa ba hujja ba ne. Bisa allo za a ga ƙwaƙwalwa tana kunna hitar tana kashewa da sauri, zane mai kusurwa huɗu yana bin juna a jere, a hankali da fari don kada tangaran ɗin ciki ya tsage, daga baya ta ƙara, gudun wutar yana raguwa yayin da ƙarfen ke ɗaukar zafi. In kusurwoyin ba su sauka har ƙasa ba, ko wutar batir ba ta iso cikakkiya ba, to laifin na fiyus ne, ko rile, ko waya, ko tsatsar soket, sansa kuwa ba ta ci ba ta sha ba.

Daga nan sai wayoyin labari guda biyu. Layi biyu za a gani a miƙe, ɗaya bisa ɗaya, da 'yar tazara a tsakaninsu, kuma a kansu wasu 'yan ƙayoyi suna fitowa a kan kari. Wanda bai sani ba zai ɗauke su datti ne. Haƙiƙa kuwa ƙwaƙwalwa ce ke aika su da gangan don ta auna turjiyar sansar, ta haka take sanin zafinta. Ana cikin kallo sai a girgiza kuturun wayoyi da hannu, musamman inda suka kusanci salansa. In layi ya faɗi ya tashi, ko da na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, an kama waya mai karaya a ciki.

Mataki na uku shi ne a sa shaida ta yi magana. Ana ratsa 'yar turjiya sananniya cikin ɗaya daga wayoyin labari, ko a yi amfani da matsefi mai jin miliam, don gudun wutar ya fito bisa allo. Sai a taka totur farat ɗaya: layi ya kamata ya nutsa wajen yawan mai nan take. Sai a ɗaga inji sama a saki totur baki ɗaya, lokacin da ƙwaƙwalwa ke yanke mai: layi ya kamata ya cilla ƙarshen ɗaya ɓangaren, domin iska zalla ke fita. Sikanar Toyota ma tana iya umartar nozul su ƙara mai da kashi 25 ko su rage da kashi 12.5, a ga yadda sansa za ta amsa.

In ta amsa a makare, ko ta tsaya rabin hanya, ta tsufa ko ta sha guba, canja ta ya wajaba. In kuwa ta amsa da hanzari ta kowace fuska, to gaskiya take faɗa, sai a koma neman inda ƙarancin man ya fito: tiyon iska da ya tsage, ko sansar awon iska da ƙura ta rufe, ko famfon mai da ya raunana, ko nozul da suka toshe. Akwai kuma wadda ta fi su ɓuya, wato 'yar tsaga a wuyan salansa gaban sansa, inda iskar waje ke kutsowa tsakanin bugun hayaƙi; sansa ta ga oksijin na gaske ta kai rahoto, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara man da inji bai nema ba. Maganin wannan gaskit ne ko walda, kuɗinsa bai kai na sansa ba.

Abin da ke kashe ta a ƙasarmu

Ba a ce sansa ba ta mutuwa ba. Tana mutuwa, kuma a nan ta fi saurin mutuwa. Dalma, wadda ita ce babbar gubarta, an daina zuba ta cikin fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun wajen 2006, amma gurɓataccen mai bai ƙare ba. Mutane suna tune da watan Fabrairun 2022, lokacin da hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, balle wanda ake saye a galan hannun 'yan bumburutu, wanda ba mai iya lamunin abin da ke cikinsa.

Sauran dalilan daga hannunmu suke. Injin da ringinsa ya ci yana ƙona baƙin mai, tokarsa ta lulluɓe sansa. Gam ɗin silikon da ake lafta wa gaskit, in ba irin wanda ya dace ba ne, tururinsa kan bar farin gari bisa kanta ya kashe ta. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada da sunan ƙasarmu da zafi, yana hana inji kai zafin aikinsa, sai ƙwaƙwalwa ta daɗe tana ba shi mai irin na sanyin safiya. Ƙurar hunturu kuwa, da tsayuwa cikin cunkoso, da gajeruwar zirga-zirga tsakanin Kurmi da Rimi da lungunan cikin badala, duk suna tara baƙin hayaƙi.

Akwai kuma fasa tukunyar tace hayaƙi don a sayar da saƙar da ke cikinta, wadda ake kira indomi, saboda ma'adinai masu daraja irin su filatinam da ke jikinta. Wanda ya yi haka ya zubar da hayaƙi mai guba cikin unguwa mai cunkoson jama'a, ya kuma ɓata rahoton sansa ta biyu da ke bayan tukunyar, wadda da ita mai bincike ke gwada maganar ta farko.

Kowa da hujjarsa

Dattawan makanikai suna da ta cewa, kuma ba a raina ta. A ganinsu yaran zamani sun dogara ga allo har sun manta da kunne, ga shi kuwa tsagar salansa sau da yawa kunne ke fara jin ta da sanyin safiya. Suna kuma nuni da cewa na'urar da tsada, tana son kwamfuta da caji a gari mai ƙarancin wuta, littattafanta kuma duk da Turanci suke.

Matasan da suka koyi aikin, wasu a makaranta, wasu ta intanet, kukansu daban ne: mai mota ya yarda ya biya kuɗin ƙarfen da zai riƙe a hannu, amma yana ganin sa'a guda ta bincike ba aiki ba ce, tun da ba a kwance kome ba. Masu motoci su kuma suna cewa an sha karɓar kuɗin kwamfuta a hannunsu, a goge lamba, fitila ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo.

'Yan kasuwa nasu uzurin shi ne abin da aka tambaya suke bayarwa, kuma mai saye da bakinsa yake neman ta Beljiyam ko mai araha. Sai dai araha ba ta ado. Sansa ta jabu, ko tsohuwar iri da aka yanke wa soket aka jona a gurbin sabuwa, ba za ta taɓa yin magana da harshen da ƙwaƙwalwa ke ji ba, alhali mita kaɗai ta isa ta raba su, gama hitar mai faɗin awo turjiyarta ba ta cika wuce om uku ba, ta tsohuwar irin Toyota kuwa takan haura goma.

Haƙƙin da ke wuyan mai sana'a

Mas'alar ba ta fasaha kaɗai ba ce. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda har gobe ake karantawa a zaurukan birnin Kano, sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka danƙa musu, don kiyaye dukiyar jama'a. Wanda ya sa talaka ya sayi abin da motarsa ba ta bukata, bisa zato, alhali akwai hanyar samun yaƙini, lalle ya dubi matsayinsa game da wannan amana, ko da bai yi nufin algus ba.

Hanyar koyo kuwa ba ta toshe ba. Jami'ar Bayero tana da sashen injiniyancin mekatironik, gwamnatin jiha ta taɓa tura rukunonin matasa, har da mata, cibiyar horaswa ta Peugeot a Kaduna, hukumar NADDC ta tarayya tana shirya wa makanikai bita, ƙungiyarsu ta NATA kuma tana da rassa a garejoji. Abin da ya rage shi ne ilimin ya sauko inda motocin suke, cikin harshen da yaran gareji ke ji, musamman yanzu da ake mai da motoci masu amfani da iskar gas, aikin da daidaituwarsa ta rataya ga lafiyar wannan sansa.

Ba lalle ne kowane bakanike ya mallaki osiloskof ba. Ya isa a ce kowace babbar matattara, kamar Kwakwaci ko kewayen Ƙofar Ruwa, ta haɗa kuɗi ta sayi ɗaya ko biyu, ta horar da mutum biyu ko uku, a yanka musu ladan bincike sananne, dattijo ya kawo kunnensa, yaro ya kawo allonsa. Mai mota shi ma yana da nasa rabo: ya biya ladan nan da daɗin rai, kuma kafin ya saki kuɗin sabuwar sansa ya nemi a nuna masa abu uku, cewa hita tana samun wutarta, cewa wayoyi ba su da karaya, cewa an gwada ta da yawan mai da ƙarancinsa ta kasa amsawa. In an nuna masa, ya saya ba da shakka ba. In an kasa, ya riƙe kuɗinsa har sai hujja ta tsaya.